Tsohuwar motata ba ta da ƙarfin tashi daga tsaye, me zan yi mata?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina da mota ƙirar 1998, mai shan fetur, silinda huɗu, lita 2.2, giya otomatik, kuma tayoyin gaba ne ke janta. Ta ci kilomita kusan 280,000. Matsalata da ita tashi daga tsaye. In danja ta ba da hannu na taka totur, sai ta yi nauyi kamar an ɗaure ta, na baya suna ta yi mini hon. Sai ta kai gudun 40 ko 50 sannan ta ware, daga nan kuma ba ni da kuka da ita. In esi na kunne ko akwai mutane a baya, abin ya fi muni. Na sa an canza filogi da baƙin mai, ban ga bambanci ba. Abokai sun ba ni shawara iri-iri. Wani ya ce in cire katalis, wato tukunyar tace hayaƙi da ke kan bututun salansa, wani ya ce babbar salansa, wani ya ce buɗaɗɗiyar matatar iska irin ta masu tsere, har da wanda ya ce in sa turbo. Ni ba tsere nake so ba, so nake ta riƙa tashi da kuzari in zan shiga babban titi. Wanne zan fara yi?

Amsa

Wa alaikumus salam, malam. A cikin shawarwarin nan huɗu da aka ba ka, kada ka fara da ko ɗaya. Kai da bakinka ka faɗi abin da ya fi su amfani, wato motar ba ta da ƙarfi daga tsaye amma tana warewa in ta kai 40 ko 50. Injin da ya gaji gaba ɗaya ba ya yin haka, gajiyarsa tana bin sa ko'ina, a tashi da kan tudu da wajen wuce wata mota. Motar da ke kasala a tashi kaɗai tana nuna maka wani wuri takamaimai. Ka kuma tuna cewa inji mai lita 2.2 na wancan zamani ya fito daga kamfani da ƙarfin doki sama da 110, an gina shi ya tashi da mutum biyar da esi a kunne ba tare da na baya sun yi hon ba. Ke nan akwai ƙarfin da motarka take da shi a da, ya ɓace mata a hanya. Shi za mu nemo tukuna. Wanda ya sayo kayan ƙari alhali ainihin ciwon yana nan, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Bari in ɗan tsaya a kan abin da ke tayar da mota, don in ka gane shi, kai da kanka za ka iya tace duk shawarar da aka kawo maka. Mutane sun fi sanin ƙarfin doki, amma adadin da ake rubutawa a takardar mota ana samunsa ne can sama, lokacin da inji ke juyi 5,000 ko fiye a minti ɗaya. Kai kuwa a bakin danja injinka yana silo a juyi 700 ko 800, in ka taka ya haura zuwa wajen 2,000. Abin da ke aiki a wannan lokacin shi ne ƙarfin murɗawa, wanda makanikai ke kira tok, irin ƙarfin da kake sa wa sifana in za ka kwance noti mai tauri. Shi kansa wannan ƙarfin, in ya fito daga inji, bai isa ya motsa mota mai nauyin tan ɗaya da wani abu ba. Giya ce ke ninka shi, kamar yadda ƙara wa sifana dogon bututu ke ninka ƙarfin hannunka.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A ce injinka yana ba da tok 160 a ma'aunin Nm lokacin tashi. Giya ta ɗaya a irin wannan giyabos tana ninka shi kusan sau 2.8. Giyar ƙarshe da ke raba wa tayoyi juyi tana sake ninkawa kusan sau 3.9. A mota otomatik kuma akwai kombata, wata ƙatuwar ƙwarya ta ƙarfe cike da mai tsakanin inji da giyabos, wadda a daidai lokacin tashi take ninka tok kusan sau biyu. Ka haɗa su duka, za ka ga abin da ke isa tayoyi ya doshi 3,500. To a ce saboda wata matsala motar ta tashi a giya ta biyu, wadda ninkinta bai wuce 1.5 ba. Abin da zai isa tayoyi bai kai 1,900 ba. Kusan rabin ƙarfin ya tafi, alhali inji lafiyarsa ƙalau. Babu salansa ko matatar iska a duniya da za ta mayar maka da wannan rabin. Kuma ka lura, mota mai irin wannan ciwon in ta kai gudun 40 ko 50 sai ta zama daidai, domin a wannan gudun dama a giya ta biyu ya kamata ta kasance. Abin da ka bayyana ke nan, shi ya sa zargina na farko yana kan giyabos.

Gwajin wannan ba ya buƙatar ko sifana. Ka sami miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, ka tsaya cak, ka ja sandar giya zuwa L ko 1, ka taka totur yadda ka saba. Sannan ka sake yi a D. In ta zabura a L amma ta yi nauyi a D, to a D ba a giya ta ɗaya take tashi ba. Ka kuma ƙirga sau nawa take canza giya daga tsaye har ta kai gudun 80 ko 90. Giyabos mai giya huɗu ya kamata ka ji canji uku. In biyu ka ji, ko ɗaya, ko babu sam, to akwai magana. Giyabos na wancan zamani ƙwaƙwalwar mota ce ke ba shi umarni ta wasu ƙananan bawul na lantarki da ake kira solinoyid. In ɗayansu ya mutu, ko sansar da ke karanta gudu ta lalace, ko waya ta tsinke a soket, giyabos yakan maƙale a giya ta biyu ko ta uku da gangan, don ya kare kansa ya kai ka gareji. Wasu motocin suna nuna hakan da fitilar O/D ko ta D tana ƙiftawa a dashbod. Akwai kuma motocin da ke da maɓallin da aka tanada don tuƙi a kan ƙanƙara ko santsi, wanda aikinsa shi ne ya tayar da mota a giya ta biyu don kada taya ta yi sulɓi. Na sha ganin motar da duk matsalarta ita ce hannun wani ya taɓa wannan maɓalli bai sani ba.

Daga nan ka zaro gejin man giya. Yawancin motoci ana duba shi ne inji ya yi zafi kuma yana aiki, wasu kamfanonin kuwa sun ce a kashe inji tukuna, don haka ka bi abin da littafin motarka ya ce. Mai lafiyayye ja ne, ana gani ta cikinsa. In ya koma ruwan ƙasa mai duhu yana ƙauri, faifan kuloc na ciki sun fara ƙonewa. In ya yi ƙasa da layi, famfon giyabos zai riƙa zuƙar iska, matsin mai ya ragu, giya ta yi jinkirin kamawa. A giyabos da ya ci kilomita 280,000, ni na fi son a sauke man da ke cikin faranti, a wanke ko a canza matatarsa, a zuba sabo irin wanda kamfani ya rubuta, a sake yin haka bayan ɗan lokaci. Ba na son a haɗa masa injin da ke tura mai da ƙarfi don a wanke shi gaba ɗaya, in ba a san tarihinsa ba.

Yanzu sai kombata, domin ita ce ake yawan mantawa, kuma ciwonta ya yi kama da naka ƙwarai. Ka ɗauki fanka biyu ka sa su fuska da fuska, ka kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. Haka kombata take, sai dai mai ne a madadin iska. Inji yana juya fanka ta farko, mai yana bugun ta biyu, ita kuma tana juya giyabos. A tsakiyarsu akwai ƙaramar fanka ta uku da ke zaune a kan wani kuloc mai barinta ta juya gefe ɗaya kawai. Lokacin tashi tana tsayawa cak, ta karkato man da ya dawo ya sake taimaka wa fanka ta farko, a nan ne ninkin nan na kusan sau biyu yake fitowa. In mota ta ɗauki gudu, ba a buƙatarta, sai ta saki ta bi sauran. To in wannan kuloc ya lalace ya daina riƙewa, ninkin ya tafi. Motar za ta tashi kamar mai jan tirela, amma a kan babban titi ba za ka ji komai ba.

Ana gano wannan da gwajin da na fi son makanike ya yi maka. A sa duwatsu ko katako a tayoyi, a ja birkin hannu, a danne birkin ƙafa sosai, a sa D, a taka totur har ƙasa na daƙiƙa uku zuwa biyar, kada a wuce haka, a karanta inda allurar juyin inji ta tsaya. Motocin gida irin taka sukan tsaya tsakanin 2,000 da 2,600, ainihin adadin yana cikin littafin gyaran motar. In allurar ta wuce adadin da nisa, giyabos na zamewa. In ta gaza da ɗari biyu ko uku, inji ne ba ya ba da ƙarfinsa. In ta gaza da nisa sosai, kuma inji ya ci duk sauran gwaje-gwaje, fanka ta ukun nan ce. Dalilin daƙiƙa biyar ɗin shi ne duk ƙarfin inji a wannan lokacin komawa zafi yake yi a cikin man giya, don haka bayan kowane gwaji a mayar da ita N a bar ta ta yi silo na minti ɗaya ko biyu.

Kafin a buɗe komai, akwai wani ƙaramin abu da nake dubawa a kowace tsohuwar mota. Totur ɗin yawancin motocin 1998 kebul ne ke jansa. Shekara da shekaru kebul yana miƙewa, ko kafet ya tattaru a ƙarƙashin feda. Inji a kashe, ka sa wani ya taka har ƙasa, kai kuma ka buɗe bonet ka ga ko maƙogwaron totur ya buɗe gaba ɗaya, ka kuma duba yawan wasan da kebul ke yi kafin ya fara ja. Wasu motocin suna da kebul na biyu da ya tashi daga totur zuwa giyabos, shi ke gaya masa yadda ka taka don ya daidaita matsin mai. In aka taɓa saitinsa, giya takan canza da wuri ko ta riƙa zamewa. Gyaran minti goma ne, amma barinsa yana iya cinye giyabos.

In giyabos ya kuɓuta, sai mu koma kan inji. Ka yi sa'a da shekarar motarka. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur daga 2001. In taka daga kasuwar Amurka ta fito, akwai soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. A haɗa mata na'urar bincike ko da fitilar inji ba ta kama ba, domin a tsofaffin motoci ba abin mamaki ba ne ƙwan fitilar ya ƙone ko an cire shi. In ka murɗa makulli kafin ka tayar, ya kamata ta kama ta nuna tana raye. Lambobin da za su ja hankalina su ne P0171, wadda ke cewa iska ta yi wa mai yawa, da P0300, wadda ke cewa wuta na tsallake, da P0325 ta sansar ƙwanƙwasa, da duk wadda ta fara da P07, don waɗannan na giyabos ne. Kada a tsaya a lamba kawai. A duba gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa yawan mai. Inji yana son iska kashi 14.7 ga fetur kashi ɗaya, a ma'aunin nauyi. In ka ga ƙwaƙwalwa tana ƙara mai sama da kashi 10 cikin ɗari don ta cimma wannan, to ko iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, ko mai ba ya zuwa yadda ya kamata, ko sansar da ke auna iska tana faɗin abin da ba haka ba.

Akwai wata mota da aka taɓa kawo mini da kuka irin naka sak. An canza mata filogi, an wanke nozul, an sa sabon famfon mai, duk a banza. A tsaye tana silo lafiya, ka ba ta wuta a N ta amsa. Sai na sa aka danne birki aka sa D aka ɗan taka, ni ina kallon inji. A motar da injinta ke kwance a gicciye, kamar taka, inji yakan ɗan tuntsura in ya fara ja. Robobin da yake zaune a kansu sun mutu, sai tuntsurawar ta yi yawa, ta ja baƙin tiyon robar da ke kawo iska daga matata, wata tsaga da ke ɓoye a ƙasan lanƙwasarsa ta buɗe baki. Iskar da sansa ba ta ƙirga ba ta afka, mai ya yi kaɗan, mota ta shaƙe. Da ta ɗauki gudu inji ya koma mazauninsa, tsagar ta rufe. Ka cire wannan tiyo gaba ɗaya ka lanƙwasa shi a hannunka cikin haske, kallonsa daga sama ba ya nuna komai. In kana wurin, a wanke sansar iska da ruwan feshin da aka yi dominta kaɗai, kada a taɓa siririyar wayarta da hannu ko burushi, a kuma wanke baƙin da ya taru a maƙogwaron totur.

Sai taimin, wato lokacin da wuta ke tashi da lokacin da bawul ke buɗewa. Ka tambayi kanka, yaushe abin ya fara? In bayan an canza bel ɗin taimin ne, ina zargin an saɓa haƙori ɗaya. Haƙori ɗaya a gurgurar kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, yakan kai digiri 15 zuwa 18 na juyin karanshaf, sandar da fistin ke juyawa. Inji zai tashi, zai yi tafiya, amma in saɓawar ta jinkirta bawul ce, ƙarfinsa na ƙasa ne ke fara tafiya. Haka in motar mai distiributa ce, wato na'urar da ke raba wa filogi wuta, aka saita distiributar da kunne ba da fitilar taimin ba. Sansar ƙwanƙwasa ma tana da hannu. Aikinta ta saurari ƙarar da inji ke yi in mai ya fashe ba a kan lokaci ba. In ta mutu, ƙwaƙwalwa takan jinkirta wuta don kariya, mota ta yi sanyi.

Masu motocin da suka girmi taka, masu kafireta, ga naku. A cikin kafireta akwai ɗan famfo da ke tsarta fetur a daidai lokacin da ka taka, don iska ta fi fetur saurin amsawa. Ka cire murfin matatar iska, inji a kashe, ka ja totur da hannu ka leƙa. In ba ka ga tsartuwa mai ƙarfi ba, robar famfon ta mutu, kuma ita ce ke sa mota ta yi kamar za ta mutu kafin ta zabura. Ka duba kuma ƙwaryar iskar da ke jikin distiributa da ƙananan ƙarafa masu nauyi na cikin distiributar masu gabatar da wuta, sukan cije da tsatsa.

Na zo kan katalis da aka ce ka cire. Katalis yana toshewa, gaskiya ne, amma alamarsa kishiyar taka ce. Inji a ƙananan juyi hayaƙi kaɗan yake fitarwa, ko ta ƙunƙuntar hanya zai wuce. Sai an hau sama ne yake rasa mafita. Mota mai toshasshen katalis takan tashi da dama-dama, sannan ta ƙi wuce wani gudu, ta kasa hawa tudu. Taka kuwa sama take warewa. In kana son tabbaci, a sa gejin zuƙar iska a manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, a riƙe inji a juyi 2,500. Lafiyayyen inji yana nuna inci 17 zuwa 21 a silo, kuma allurar ba ta zamewa ƙasa in aka riƙe shi. In tana sauka sannu a hankali, hayaƙi na dawowa. In ma ya toshe ɗin, sabo ake sawa, a kuma nemo abin da ya kashe shi, don yawanci ɗanyen mai ne daga silindar da ba ta ƙonewa yake narka shi. Cire lafiyayye ba zai ƙara maka abin da za ka ji a tashi ba. Zai kunna maka fitilar inji, ya saɓa wa dokar ƙasashe da yawa, kuma gubar da yake tacewa mai tafiya a bayanka ne zai shaƙe ta, da yaron da ke tsaye a bakin titi. Wannan na ƙarshen kaɗai ya ishe ni dalili.

Famfon mai da matatar mai su ma sun fi nuna gazawa a babban gudu, amma auna matsinsu ba wuya, a yi. Haka gwajin matsin silinda. Abin da ake nema shi ne silindar huɗu su yi kusa da juna, kada tazarar ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. In ɗaya ta yi ƙasa, a ɗiga mata ɗan baƙin mai a sake. In ta tashi, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gaskit. Wannan gwajin ne zai gaya maka ko motar ta cancanci a ci gaba da kashe mata kuɗi.

Wani lokaci kuma ƙarfin yana nan, riƙe motar ake yi. Ka tsaya a wuri mai ɗan gangare, ka sa N ka saki birki. Ya kamata ta gangara da kanta. Bayan tafiyar minti goma, ka kusanta hannunka da kowace taya ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. Wadda ta fi sauran zafi birkinta na kamawa, ko fistin kalifa ya cije, ko kebul ɗin birkin hannu bai saki ba. Sannan ka karanta lambar da ke jikin tayarka ka gwada da wadda ke liƙe a bakin ƙofar direba. Taya mai lamba 195/65R15 tsayinta kusan milimita 635 ne. In aka sa 215/60R16 don kyau, ya koma kusan 664, ƙarin kusan kashi 5 cikin ɗari, kuma daidai wannan kason ka rage wa kowace giya ƙarfi, ban da nauyin babbar taya da rim da inji zai riƙa juyawa. Nauyi ma lissafinsa a fili yake. Mota mai kilo 1,400, kowane kilo 140 da ka ɗora mata yana rage mata zabura kusan kashi 10 cikin ɗari. Manya uku a kujerar baya sun wuce haka, don haka ɗan nauyin da kake ji in sun shiga ba ciwo ba ne. But ɗin da ya zama ɗakin ajiya kuwa, shi kana iya saukewa. Esi yana cin ƙarfin doki da dama, kuma a ƙananan juyi ne cinsa ya fi zafi, don a nan inji ba shi da rara. In za ka shiga babban titi mai cunkoso, kashe shi na daƙiƙa goma ba laifi ba ne.

Sauran shawarwarin abokanka ba za su ɗauke mu lokaci ba. Babbar salansa tana taimakon injin da ke aiki can sama. A ƙananan juyi, faffaɗan bututu yana rage saurin fitar hayaƙi, kuma wannan saurin ne ke taimakawa wajen share silinda, don haka kana iya samun ƙara ka rasa tok. Buɗaɗɗiyar matata da aka bari cikin bonet iskar inji mai zafi take zuƙa. Iska mai zafin digiri 60 ta fi mai digiri 30 rashin kauri da kusan kashi 9 cikin ɗari, wato iskar da za ta ƙona mai ta ragu, kuma a tsaye a danja ne cikin bonet ya fi zafi. Akwatin da kamfani ya sa, daga waje yake jawo iska. Ka sa masa sabuwar matata ka bar shi. Turbo kuwa hayaƙi ne ke juya shi, sai inji ya hau juyi yake fara aiki, kuma ɗora shi a kan fistin da ringi da giyabos da suka ci kilomita 280,000 hanya ce ta rasa su duka. In wani ya ce ka sayi fetur mai octane mafi yawa, ka sani wannan lambar juriyar mai ga ƙwanƙwasa take aunawa, ba ƙarfin da ke cikinsa ba. Sai in injinka yana ƙwanƙwasa ne zai amfana.

To in an gyara komai, motar ta dawo yadda aka ƙera ta, kuma har yanzu kana son ƙari fa? Abin da ke ƙara tashi da gaske shi ne ƙara ninki. A motar da tayoyin baya ke ja, ana canza haƙoran dif, wato giyar ƙarshen nan da ke raba wa tayoyi juyi. Daga 3.08 zuwa 3.73 ƙarin kashi 21 cikin ɗari ne a kowace giya, za ka ji shi tun daga taku na farko. Farashinsa shi ne a babban titi inji zai riƙa juyi da ƙarin wannan kason, ya ƙara shan mai da ƙara, agogon gudu kuma yana iya buƙatar saiti. A motarka wannan giyar tana cikin giyabos, sai an sauke shi an farke, ban ga ya cancanci wahalar ba. Akwai kombata da aka ƙera don ta bar inji ya hau juyi sosai kafin ta kama, tana ƙara zabura, amma tana ƙara wa mai zafi, sai an haɗa ta da ƙarin na'urar sanyaya man giya. Ga motar zirga-zirgar yau da kullum, komawa ga girman taya na asali da rim marar nauyi shi ne ƙarin da zan iya ce maka ka yi ba tare da fargaba ba. Ka kuma sani cewa motar da gaba ke ja tana da iyaka, don in ta zabura nauyinta baya yake komawa, tayoyin da ke jan su yi sauƙi. Taya mai kyau da shokazoba masu rai a baya sun fi yi mata amfani a kan ƙarin ƙarfi.

Mai mota manuwal da ke da irin wannan kuka, ya gwada kuloc. Ya sa giya ta huɗu a gudun 50 ya taka sosai. In juyin inji ya haura gudu bai ƙaru ba, faifan ya ƙare. Kai mai otomatik kuma, in wani ya koya maka ka ba ta wuta a N sannan ka jefa D, kada ka yi ko sau ɗaya, haƙora da faifan giyabos ne ke ɗaukar dukan.

Kafin ka taɓa komai, ka auna. Ka sami hanyar nan da ba kowa, inji ya yi zafi, esi a kashe, wani a gefenka da agogon waya. Daga tsaye zuwa gudun 50, sau uku a D, sau uku a L in giyar ta kai ba tare da allurar juyin inji ta shiga jan layi ba, ka rubuta. Bayan kowane gyara guda ɗaya ka koma wurin ka sake, domin kunne yana ruɗi, mota mai ƙara takan yi kamar ta fi sauri. In ka samu waɗannan lambobin, da launin man giya, da abin da na'urar bincike ta nuna, ka sake rubuto mini, daga nan zan iya ce maka ko giyabos za a nufa ko inji.